Sai Mota Ta Cika

Da sunan Allah nake farawa. Shi Ya ba ni Malam, Shi Ya karɓi abinSa, wannan ban taɓa ja da shi ba. Abin da nake ja da shi, har gobe kuwa, aikin mutane ne. Sunana Uwani, a Garwa aka haife ni, a nan na yi aure, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. An sha ce mini in bar maganar nan ta kwanta tunda mai ita ya kwanta. Na ƙi. Duk wanda ke da majinyaci a arewacin ƙasar nan, likita kuma ya ce masa a kai shi kudu, ina so ya ji yadda tamu ta kasance kafin ya zauna jiran shawarar manya.

Malam mijina ne, ƙanin Yaya Alhaji, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidansu gidan fatauci ne tun daga kakansu da ya zo daga ƙasar Kano da jakuna. A zamaninmu albasa da gyaɗa suke kaiwa Yawunde, su dawo da katako da goro. Yaya Alhaji ne mai dukiyar da motar, Malam kuwa shi ke tsaye a sito, shi ke awo, shi ke sa ido a kan lodi, shi ke sallamar 'yan dako. Tun yana yaro bai taɓa ce wa yayansa a'a ba, kuma ni ban ga laifin haka ba sai da ya zo kaina.

Akwai wata al'ada da gidan ke tinƙaho da ita. Ɗan gidan ba ya biyan kuɗin mota zuwa kudu, mutum kaya yake bi. Ko biki ne, ko gaisuwar mutuwa, ko komawa makaranta, sai ka jira ranar da babbar mota za ta tashi, a sa ka gaba kusa da direba. Na sha yi musu tsiya ina cewa a gidan nan ko amarya ce sai ta jira albasa. Jirgin sama kuwa, a wurinsu na Makka ne. Gidanmu ta wajen filin jirgi yake, in ya tashi har kwanukan kanta suna karkarwa, amma iyakarmu da filin rakiyar alhazai da tarbarsu. Yaya Alhaji ya hau shi zuwa aikin hajji ba sau ɗaya ba, bai taɓa hawansa zuwa wani gari na cikin ƙasa ba.

Ciwon da takalmi ya fara. Wata Juma'a Malam ya yi ta fama da takalminsa na zuwa masallaci, ya ƙi shiga, ya ce yara ne suka jiƙa masa shi ya tsuke. Bayan kwana kaɗan sai fuskarsa ta fara tashi da safe, idanunsa su yi luhu-luhu. Mutane suka yi ta yi masa barka, wai ya murmure, wai Uwani ta iya kiwo. Ni ma, kaico, har na ji daɗi. Dama ya daɗe da ciwon kai da na baya, kullum aljihunsa da ƙwayoyin da yake saya wurin masu tallan magani a bakin kasuwa, ja da fari, yana watsa su kamar gyaɗa.

A sati na uku abinci ya fita ransa. Ko ƙanshin miya ya ji sai amai. Ya fara susa, ya soshe jikinsa har da murfin tukunya. Ni ce mai fitar da fo, ni na fara ganin fitsarin ya ragu, ɗan abin da ke zuwa kuma duk kumfa ne. Da na faɗa, sai shawara ta yi ta zubowa. Wannan ya ce ciwon shawara ne ya kwanta masa, wancan ya ce sanyi ne, wani ya ce 'yan kasuwa ne suka yi masa jifa saboda sito. Gwaggonsu ta taso tun daga Bibemi da ƙullin saiwoyi, ta ce a jiƙa da jar kanwa ya sha safe da yamma, zai wanke masa ciki tas. Ya sha kuwa, don ba a mayar wa Gwaggo hannu. Kumburin ya haura har gwiwa.

Sai da numfashinsa ya fara warin fitsari sannan aka yarda muka je asibiti. Lokacin shekarun nan ne da aka karya darajar sefa, aka yanke wa ma'aikata albashi, komai na asibiti sai ka saya da kanka, har auduga da safar hannu. Mun yi sammako mun tarar da layi har bakin ƙofa. Aka aike mu awon jini a wani wuri, awon fitsari a wani, muka dawo aka ce likita ya fita, a dawo gobe. Mun yi wannan gobe har sau nawa ban riƙe ba. Amma ranar da muka same shi, Allah Ya haɗa mu da mutumin kirki. Ɗan kudu ne, ba Musulmi ba, matashi, kuma duk inda yake Allah Ya saka masa. Ya duba takardun ya daɗe bai ɗago ba. Faransancina na kasuwa ne, sai ya kira wata ma'aikaciya ta mayar mana da Fillanci.

Ya ce ƙodojin Malam sun gaji, sun daina tace jini. Ya ce akwai na'urar da ke yin aikin a madadinsu, ya kira ta diyaliz, wato wankin ƙoda, kuma duk arewa babu ita a lokacin, sai Yawunde ko Duwala. Ya hana gishiri, ya hana kanwa, da ya ji labarin jiƙon Gwaggo har ya dafe kai. Ya ɗauko ɗan kofin shayi ya nuna mini, ya ce ruwan da Malam zai sha a wuni kada ya wuce 'yan kofunan nan, don abin da ya shiga ba ya fita, a huhunsa zai taru. A Garwa fa, a tsakiyar bazara.

Sannan ya juyo ya dube ni ni kaɗai, ya faɗi maganar da har yau take kunnena.

“Madam, ta ƙasa tafiyar ta fi kilomita dubu. Ta sama ba ta kai awa biyu ba. Yau yana iya hawa matakalar jirgi da ƙafarsa, zan rubuta masa takarda su ɗauke shi. Ran da ya kai ga sai an ɗaga shi, ba za su karɓe shi ba. Ku tafi cikin satin nan.”

Da la'asar aka taru a falon Yaya Alhaji. Ni ina daga bakin ƙofa a durƙushe, Malam yana zaune ƙasa ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa. Yaya Alhaji ya saurara har ƙarshe, yana jan carbi. Ba zan yi masa ƙarya ba, hankalinsa ya tashi, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce ko nawa wankin nan zai ci shi zai biya, ɗan'uwansa guda ke nan. Na ji sanyi a raina. Sai ya ɗora da cewa:

“To, an ma yi sa'a. Hamajoda zai tashi da albasa kwanan nan. Sai a gyara masa gadon bayan direba, ya kwanta abinsa har ƙofar Baba Tanko. Ba sauka ba hawa.”

Hamajoda direbansa ne, Baba Tanko kuma dillalin da ke karɓar kayansu a Yawunde.

Na ce, “Yaya Alhaji, a yi mini afuwa, likita jirgi ya ce.”

“Likita ai aikinsa ke nan ya tsorata mutane. Shi ya san hanyar nan ko mu? Ubanmu a kanta ya tsufa. Motarmu za ta je garin nan ko da shi ko ba shi, sai mu bar ta ta tafi da wurin zama a banza mu je muna raba wa bare kuɗi?”

“Yaushe za ta tashi?”

“Da ta cika.”

Ina da sarƙa da 'yan kunne na zinariya da mahaifiyata ta ba ni ranar aurena. Na ce in dai don kuɗin jirgi ne, a bar ni in sayar da su. Wayyo, da na san abin da zai biyo baya da na yi shiru na sayar a ɓoye. Yaya Alhaji ya ajiye carbin. Ya ce ni zan tozarta shi a garin nan? A ce mace ta cire kayan kunnenta ta kai ɗan'uwansa asibiti yana raye? Ya juya ga Malam ya ce, “Ka ji abin da iyalinka ke faɗa?” Da muka koma ɗaki ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, “Uwani, in kika sayar da sarƙar nan ban yafe ba. Yaya ya ce mota.” Na yi kuka, na yi masifa, na ce masa ransa ne fa ba na Yaya ba. Ya juya fuska bango.

Aka shiga jiran albasa. Motar tana tsaye a ƙofar sito, an yi rabin lodi, sauran kayan ana jiran su daga wajen Kayile. Yau a ce manoman sun ƙi sayarwa sai farashi ya ɗaga, gobe a ce buhuna sun ƙare, jibi a ce ƙaramar motar da za ta kawo su ta lalace. Kullum da safe sai in aika a duba mini, a dawo a ce saura kaɗan. Na tsani kalmar nan, saura kaɗan, har yau in mai awo ya faɗa mini ita sai gabana ya faɗi. Gidan kuma ya cika da 'yan dubiya, kowa da kwanon kunun kanwa da farfesu mai gishiri, in na hana a ce na cika iyayi. Faccalata Hajiya Turai, matar Yaya Alhaji, ita kaɗai ta tsaya mini. Ta yi wa mijinta magana har sau biyu, ya ce mata maganar maza ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jirgin. Ranakun da yake zuwa, muna kwance a tsakar gida saboda zafi, sai mu ji ya taso, kwanuka su ɗauki rawa, ya bi ta kanmu ya miƙa kudu. Malam yakan bi shi da ido har ya ɓace. Wata rana ya ce, “Yanzu waɗannan kafin ki sauke tukunya sun isa ko?” Na ce sun isa.

Satin da likita ya ba mu ya wuce, na biyu ya kama. Shaƙuwa ta sarƙe shi, ba dare ba rana. Ran nan ya tashi zai kewaya, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, ya zube a bakin rijiya. Daga ranar sai an ɗaga shi. Na koma wurin likita ni kaɗai, ya ji, ya cire gilashinsa ya ajiye a kan tebur, ya ce yanzu ko na kawo kuɗin jirgi ba abin da zai iya rubutawa. Ya ba ni magungunan da za su ɗan riƙe shi a hanya, wasu ma daga aljihun teburinsa ya ɗauko bai karɓi ko sisi ba. Kwana biyu bayan haka albasa ta iso, mota ta cika, aka zo ana yi mini albishir.

Na bar yarana uku wurin mahaifiyata. Aka ɗauko Malam a tabarma aka cusa shi a gadon bayan direba, wurin da ko mai lafiya ba ya iya miƙe ƙafa. Yaya Alhaji ya tsaya ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa kan ƙaninsa, sannan ya zagaya ya ja igiyoyin tamfol ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar sun ɗauru.

Wanda bai taɓa zama a gaban motar albasa cikin zafin bazara ba, ba zai gane ba. Injin a ƙarƙashinka yake, warin albasa da na gas sun cika wurin, ga mai amai a bayanka. Motar ta yi nauyi, tafiya take kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. A hawan dutsen nan na kafin Ngawundare, mai tafiya a ƙasa ma sai ya wuce mu. Kowane shinge sai jandarma sun tsayar, a duba takardu, a yi ciniki, mu muna gasuwa. Hamajoda, Allah Ya yi masa albarka, Bafillace ne mai shiru-shiru. Shi ke ɗaukar Malam a baya ya kai shi bayan daji, shi ke wanke masa jiki inda ni ƙarfina ya gaza. In na fashe da kuka sai ya ce, “Sey munyal, Dada,” wato sai haƙuri.

A Ngawundare na ga tashar jirgin ƙasa da idona. Na ce wa Malam mu sauka a nan, jirgin ƙasa kwana ɗaya zai kai mu, sarƙata tana ɗaure a ƙuguna. Hamajoda ma ya sa baki, ya ce hanyar gaba ba kwalta, kuma ya ji an fara ruwa a kudu. Malam ya buɗe ido da ƙyar ya ce, “Yaya zai ji.” Wallahi a ranar na ji haushinsa fiye da na yayansa. Na ce masa, “To ya ji mana! In ya ji zai kashe ka ne?” Ya rufe ido. Muka wuce.

Bayan Maiganga muka shiga jar ƙasa, muka kuma shiga ruwa. Mu da muka baro Garwa ko gajimare babu, sai ga sama ta tsage. A can in an yi ruwa akwai ƙarfen da ake gittawa a hanya, ba a barin manyan motoci su wuce sai ƙasa ta sha iska. Muka tarar da layin motoci, muka bi sahu. Ƙananan motoci suna wucewa ta gefenmu, mu masu nauyi aka ce mu jira. Hamajoda ya je ya roƙi mai tsaron ƙarfen, ya kawo shi har ya leƙa ya ga Malam. Mutumin ya girgiza kai ya ce shi mai ciwo bai hana shi wucewa ba, albasa ya hana. Na tare ƙananan motoci ina roƙo, duk a cike suke maƙil, kuma wa zai ɗauki mutumin da sai a kwance? Da aka buɗe, ba mu yi nisa ba muka kafe a taɓo. Da aka fito da mu, wani ruwan ya sauko, wani ƙarfen ya rufe.

A wannan shingen na biyu ne abin da ba na son tunawa ya faru. Da rana tsaka ne, ruwa yana zuba a kan gilashi, yana gangarowa a gaban idonsa. Leɓunansa sun tsage. Ya riga ya shanye kofunan ranar tun da hantsi. Ya ce, “Uwani, ruwa.” Na tsiyaya masa a murfin gora. Ya lashe ya ce, “Ƙara.” Na ce likita ya hana. Ya yi ta roƙona, ya haɗa ni da Allah, ya haɗa ni da darajar iyayena, mutumin da tunda muka yi aure bai taɓa roƙona komai ba. Na rungume gorar na ƙi. Sai ya dube ni da jajayen idanun nan ya ce, “Ashe ke muguwa ce ban sani ba. Ruwa fa na roƙe ki.” Hamajoda ya buɗe ƙofa ya fita cikin ruwan ya tsaya. Ni kuwa na riƙe gorar nan gam, don an ce mini in na ba shi zai mutu kafin mu isa, kuma ina so ya isa.

Wata mata a ƙauyen, ko yarenta ba na ji, ta ga halin da muke ciki ta kawo mana garwashi a kasko da dafaffen rogo. Ta taya ni wanke zannuwan da ya ɓata, ta shanya su a ɗakin girkinta. Ban san sunanta ba, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Daga Bartuwa ya daina gane ni. Yana ta lissafin buhuna, yana kiran 'yan dako da sunayensu, yana cewa a yi maza a gama lodi Yaya na jira. Kusan mako guda muka yi a hanyar nan. Mun shiga Yawunde da hantsi, Hamajoda bai bi ta kasuwa ba, ya ratsa gari da lodinsa har ƙofar asibiti, 'yan sanda na busa masa usur yana wucewa. Baba Tanko ya same mu a can.

Ba zan zagi mutanen asibitin nan ba. Sun karɓe shi da gudu, sun ɗebi jini, sun sa masa robar numfashi. Na ga ɗakin wankin da idona ta gilashi, mutane a kishingiɗe, wani har jarida yake karantawa. Wata likita mace ta fito da takarda, ta tambayi Baba Tanko yaushe aka ce mu zo. Na faɗa. Ta ce to me ya tsayar da mu? Na buɗe baki in ce albasa, kunya ta hana ni. Ta ce zuciyarsa ta riga ta raunana, in aka ɗora shi a na'urar yanzu a kanta zai cika, za su gwada ɗaga shi da allurai zuwa gobe. Sannan ta dafa kafaɗata ta ce, “In ya nemi wani abu, ku ba shi. Ko mene ne.”

Na gane. Na fita da gudu na sayo ruwa mai sanyi, na cika kofi har baki, na tallafo kansa. Na ce, “Malam, ga ruwan. Sha duka, akwai wani.” Na kafa masa a baki, ruwan ya bi ta gefen leɓensa ya jiƙa filo. Ya riga ya daina haɗiya. Washegari bayan fitowar rana ya cika, ina riƙe da kofin. Maganar ƙarshe da ya yi mini yana cikin hankalinsa ita ce waccan ta shingen ruwa.

Hausawan unguwar Baba Tanko sun yi mana abin da dangi ke yi. Kafin in dawo hayyacina an kai shi gida, an yi masa wanka, an haɗa shi. Baba Tanko ya buga waya shagon Yaya Alhaji ya faɗa masa, ya ce za a kai shi bayan azahar. Yaya Alhaji ya ce kada a kuskura a rufe ɗan'uwansa bai gan shi ba, a jira shi zuwa la'asar. Da aka faɗa mini na ɗauka ruɗewa ce. Wace la'asar? Ta wane mako?

Ana kiran la'asar sai ga tasi a ƙofar gida. Yaya Alhaji ya fito cikin farar shadda, ko ɗigon jar ƙasa babu a jikinta, karin guga bai ma kwanta ba. Ni kuwa zanen da na baro Garwa da shi ne a jikina, ya rine ya koma ja. Ya yi kuka, kuka na gaske, har sai da aka riƙe shi. Ban taɓa cewa ba ya ƙaunar ɗan'uwansa ba. Aka kai Malam aka dawo.

Inna, matar Baba Tanko, ta shigo mini da wata kula, ta ce Hajiya Turai ce ta ba Alhaji ya kawo mini, wai ta san ban ci komai ba. Na gane kular, tawa ce ma, ta ara ba ta mayar ba. Na buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, na san hannun Hajiya Turai. Tururi ya bugi fuskata. Na sa yatsa a tsakiyar tuwon na janye da sauri, don ya ƙona ni. A murhun gidanmu na Garwa aka tuƙa shi, bayan Malam ya rasu.

Ina zaune da kular a cinya na jiyo su a tsakar gida. Yaya Alhaji yana ce wa Baba Tanko, “Ikon Allah, ashe tafiyar ba wani nisa. Ko carbina ban gama ja ba aka ce mu ɗaura bel.” Ba da mugunta ya faɗa ba, mamaki yake yi tsakaninsa da Allah. Sannan ya kira Hamajoda ya tambaye shi buhu nawa ruwa ya taɓa.

Bayan sadakar uku ya sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar wancan karon. Ya yi mini nasiha, ya ce yaran nan nasa ne, ba za su rasa komai ba. Ya ce shi gobe zai koma, don ya bar shago ba kowa. Ya ce ya kamata in je in zauna takaba a ɗakina.

“Hamajoda zai yi lodin katako, sai ki bi shi.”

Na ce, “Yaushe zai tashi?”

“Da ta cika.”

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Tunda na shigo gidansu ban taɓa tsayawa a kansa ba sai ranar. Na ce, “Yaya Alhaji, wanda ya ce in na sayar da zinariyata bai yafe ba, kun rufe shi shekaranjiya. Ni ba albasa ba ce, ba kuma katako ba.” Baba Tanko yana ta “Haba Uwani, haba 'yata,” na shige ciki. Na kwance ƙullin ƙuguna na miƙa wa Inna. Ta kai wa maƙerin zinariya na unguwar, ta dawo kafin azahar da kuɗi a hannu ɗaya, sarƙa a ɗaya hannun. Ta ce 'yan kunnen kaɗai sun isa kuɗin jirgi har da na tasi, ba a taɓa sarƙar ba. Na karɓi sarƙar na juya ta a tafin hannuna. Ta fi 'yan kunnen nauyi nesa ba kusa ba, da ta kai mu mu biyu har da canji.

To ga abin da nake so ku riƙe, ku masu jinya. In ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, kada ku tsaya karɓar barka. Ku raba majinyaci da kanwa da ƙwayoyin bakin kasuwa. In likita ya ce satin nan, satin nan yake nufi, ba ran da kaya suka haɗu ba. In kina da abin sayarwa ki sayar ki yi shiru, a yi fushi da ke daga baya, mai rai ake ba haƙuri. Ina godiya ga likitan Garwa, da Hamajoda, da matar ƙauyen nan, da gidan Baba Tanko, da Hajiya Turai. Yaya Alhaji ya riƙe yaran kamar yadda ya ce, ban hana su gaishe shi ba, ni ma ina gaishe shi. Ya rasu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma motar gidan har yau haka take tashi.

Ranar komawa Garwa jirgi ɗaya muka hau da Yaya Alhaji, yana gaba ina baya, ba wanda ya kalli wani. Na hau matakalar da ƙafata, ba ta ma da tsawo. Aka zaunar da ni kusa da taga. Na ce bari in nemi hanyar da muka bi, in ga shingen nan, in ga ƙauyen matar nan. Ban ga komai ba sai daji da gajimare. Wata ma'aikaciya ta zo ta miƙo mini ruwa a kofi, mai sanyi, ban ma roƙa ba. Na riƙe shi na kasa kaiwa baki, sai kukan da ban samu yi ba tun asibiti ya zo mini. Ina cikin yi na ji jirgin yana yin ƙasa, kunnuwana suka toshe. Na tsorata, na kama hannun matar da ke kusa da ni, na ce mata lafiya, ko wani abu ne ya lalace?

Ta leƙa taga ta ce, “Lafiya lau, Hajiya. Ga kogin Binuwai can. Mun iso.”

Ruwan yana hannuna, ko sanyinsa bai fita ba.